Ulun oganik: tunkiya ce ke amfana, ko tambari ne kawai?

Rabi'atu Mai Saƙa:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa mazauna wannan zaure. Na daɗe ina saƙa da zaren ulu, kuma a 'yan shekarun nan ina yawan cin karo da ƙunshin zare mai ɗauke da tambarin da ke cewa ulun na oganik ne, wato wai daga tumakin da aka yi kiwonsu ba tare da sinadarai ba aka samo shi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ulu ba ci ake yi ba, gashi ne da ake askewa daga jikin tunkiya a wanke, a kaɗa, a rina. Na riƙe mai tambarin da marar tambarin a hannu, na shafa, na ja, na goga a wuyana, ban ji wani bambanci ba. Ina roƙon masana kiwo da ke cikinmu su fayyace mini ko akwai gaskiya a ƙarƙashin wannan tambari, ko kuwa dabarar kasuwa ce kawai.

Dakta Aminu:
Wa alaikumus salam, Malama Rabi'atu. Hannunki bai yi miki ƙarya ba, domin laushin ulu daga kaurin silin gashi yake zuwa, ba daga tambari ba. Ana auna kaurin da maikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, kuma ulun irin tumakin da ake kira Merino yawanci ƙasa da maikiron 24 yake, mafi laushinsa bai kai 19 ba, yayin da silin da ya haura 30 shi ne yake sukar fata ya sa ƙaiƙayi. Tambarin yana magana ne a kan yadda aka bi da ƙasa da dabba kafin gashin ya bar jikinta.

A ƙa'idar Tarayyar Turai, wadda sabuwar dokarta ta fara aiki a farkon 2022, filin kiwo sai ya yi shekara biyu ba a zuba masa takin zamani ko maganin kashe ciyawa ba, su kuma tumakin sai sun yi wata shida a kan tsarin. Ba a yarda a riƙa ɗura wa lafiyayyar dabba magani don tsoron kada ta kamu ba, amma idan ta kamu wajibi ne a yi mata magani, sai dai a ninka wa'adin jiran da aka rubuta a jikin maganin, kuma tunkiyar da aka yi wa magani irin su antibayotik fiye da zagaye uku cikin wata goma sha biyu ta fita daga tsarin. Allurar rigakafi da maganin tsutsa ba sa cikin wannan lissafi. Amurka ta fi tsanani, domin a can antibayotik sau ɗaya ya isa ya cire dabba daga sahun oganik har abada, ko da yake dokar ta hana makiyayi ya bar ta cikin ciwo don gudun rasa tambarin.

Alhaji Garba:
Dakta, na gode da bayani, amma a takarda kowace gona kore ce. Na fi shekara ashirin ina kiwon tumaki, kuma na taɓa gwada wannan tsari da kaina bayan na saurari wasu masu wa'azin barin sinadarai. Na dakatar da maganin tsutsar da na saba bai wa garke gaba ɗaya, na koma ga ganyaye da saiwoyin da aka ce suna kore ta. Damina ba ta raba tsakiya ba sai na ga 'yan tumaki suna zama a baya idan garke ya tashi, ƙarƙashin haɓarsu ya kumbura kamar an ɗura ruwa, ba gudawa, ba tari, sai dai a wayi gari a tarar da ɗaya a kwance ta mutu. Da muka buɗe cikin ɗaya daga cikinsu, sai muka ga bangon sashe na huɗu na tumbinta lulluɓe da tsutsotsi sirara kamar an murɗa jan zare da fari, naman kuwa fari fat, babu jini. Na rasa goma sha ɗaya a wannan shekarar. Saboda haka idan aka ce mini tausayin dabba ne ya kawo wannan tsari, sai in ce an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Dakta Aminu:
Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Abin da ka gani shi ne tsutsar da ake kira Haemonchus contortus, kuma jan zaren da ka gani hanjinta ne cike da jinin tunkiyarka, farin kuma jakar ƙwanta ce, wadda take zuba dubban ƙwai a kowace rana. Sai dai da girmamawa zan ce abin da ka yi ba shi ne kiwon oganik ba, domin ka cire magani ne ba ka sa komai a gurbinsa ba. Ko a Amurka mai tsananin doka an halatta wasu magungunan tsutsa guda biyu ga tumakin ulu idan ciwo ya kama, da sharaɗin a jira kwana 36 kafin a yi aski.

Kuma tsohuwar hanyar da ka koma mata ita ma tana da ranar ƙarewa. Duk lokacin da aka ɗura wa garke gaba ɗaya magani, tsutsotsin da suke jin maganin ne suke mutuwa, masu taurin kai su rayu su hayayyafa, har a wayi gari babu sauran tsutsa a gonar sai wadda ba ta jin magani. Wannan matsala ta yi wa makiyayan Afirka ta Kudu katutu har ta kai likitocin dabbobi na can, ciki har da Dakta Faffa Malan, suka fito da katin da ake kira FAMACHA a shekarun 1990. Kati ne mai launi biyar, daga ja sosai zuwa fari, ana janyo fatar idon tunkiya ta ƙasa a gwada launinta da na katin, sai a bai wa masu ƙarancin jini kaɗai magani a bar sauran. Hikimar ita ce, kaɗan daga cikin garke ne suke ɗauke da mafi yawan tsutsar, kuma barin sauran ba magani yana sa tsutsotsi masu jin magani su ci gaba da yawa a fili, su riƙa gauraya da masu taurin kai suna rage musu ƙarfi. Tunkiyar da sunanta ya yi ta fitowa a littafin magani kuwa, ba a barin ta ta haifi iyayen garken gobe.

Sauran aikin a ciyawa yake. 'Ya'yan tsutsar suna taruwa ne a gindin ciyawa, kusan tsawon ɗan yatsa daga ƙasa, don haka tumakin da aka bari suna gwaguyar fili har ƙasa su ne suka fi kwasa. Idan aka ɗauke su kafin ciyawa ta gajarta, aka kuma bar shanu manya suka bi bayansu, an rage nauyin sosai, saboda yawancin tsutsotsin tumaki ba sa samun wurin zama mai kyau a cikin saniya.

Alhaji Garba:
To, Dakta, mai tumaki talatin zai iya duba ido ɗaya bayan ɗaya. Mai dubu uku fa, wa zai riƙe masa su duk bayan mako biyu, kuma wa zai biya ladan wannan aiki?

Dakta Aminu:
Wannan tambaya ce ta gaskiya, kuma ba zan yi maka kwana-kwana ba. A wuri mai zafi da danshi, inda tsutsa ba ta hutu, kiwon tumakin ulu a tsarin oganik aiki ne mai wuyar gaske. Ba banza ba ne manyan garkunan da suka samu takardar shaida cikin sauƙi suke a busassun wurare masu faɗi, inda rana da fari suke yi wa makiyayi rabin aikin.

Malam Nura:
Ina neman izinin manya in shigo ta wata ƙofa, domin fannina kula da filayen kiwo ne, kuma a ganina muna ta maganar abin da ake zuba wa tunkiya mun manta da abin da tunkiya take yi wa ƙasa. Mafi girman ɓarnar da kiwon tumaki ya yi a tarihi ba sinadari ne ya yi ta ba, yawan baki ne a kan ciyawa kaɗan. A yankin Patagoniya na ƙasar Ajantina an shigo da tumaki a ƙarshen ƙarni na 19, aka cika filayen da su fiye da abin da za su iya ɗauka, babu takin zamani, babu feshi, amma ciyawa mai daɗi ta ƙare, ƙasa ta tsiraita, iska ta kwashe ta. Da a ce a lokacin akwai masu ba da takardar oganik, da yawancin waɗannan gonaki ba za su sha wahalar samunta ba.

Dokar Turai ta sa iyaka, cewa kashin dabbobi kada ya wuce kilo 170 na naitirojin a kowace hekta a shekara, wanda ya yi daidai da tumaki kusan 13. Wannan iyaka an yi ta ne don kare ruwa a ƙasashe masu ni'ima, ba ta da wata ma'ana a busasshen wurin da tunkiya ɗaya take buƙatar hekta da yawa kafin ta ƙoshi. Abin da yake raya fili shi ne hutu, wato a ci ciyawa a ɗauke baki har sai ta farfaɗo ta zuba iri. Makiyayan Sifaniya, inda Merino ta samo asali, sun san haka tun da daɗewa, shi ya sa ƙungiyarsu ta Mesta, wadda Sarki Alfonso na Goma ya ba izini a 1273, ta riƙa kora garkuna tsakanin tsaunukan arewa da filayen kudu bisa ga yanayi. A zamaninmu Allan Savory na Zimbabwe ya yi suna da cewa tara dabbobi da yawa a ƙaramin wuri na ɗan lokaci a kuma matsar da su zai iya mayar da hamada baya. Ni dai ina ɗaukar maganarsa da taka-tsantsan, domin masana filayen kiwo da dama sun gwada ba su ga abin da ya yi alkawari ba, kuma abin da ya fi tabbata shi ne cewa idan yawan dabbobi ya wuce ƙarfin ƙasa, babu salon juyin da zai cece ta.

Injiniya Safiya:
Malama Rabi'atu, ni a ɓangaren sarrafa zare nake aiki, kuma ina so in nuna miki inda maganin da aka zuba wa tunkiya yake ƙarewa, tunda kin ce ulu ba ci ake yi ba. Ulun da aka aske yana zuwa masana'anta da maiƙo da busasshen gumi da ƙura, har idan aka wanke shi a ruwan zafi da sabulu yakan rasa kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa, wani lokaci ma rabi. Magungunan ƙwarƙwata da ƙazwa da ƙuda da ake yi wa tumaki wanka da su a cikin wannan maiƙo suke maƙalewa, don haka suna bin ruwan wankin su fita, ko su bi man lanolin da ake tacewa daga maiƙon a sa a man shafawa, sai an ƙara tace shi. A Birtaniya, inda gwamnati ta wajabta tsoma tumaki a ruwan magani daga 1976 zuwa 1992 don yaƙi da ƙazwa, makiyaya da yawa sun koka da ciwon jijiya da kasala bayan aiki da sinadaran, sannan a 2006 aka dakatar da sayar da wani nau'in maganin mai suna cypermethrin saboda yadda ɗan kaɗan daga cikinsa yake kashe ƙwarin da kifi ke ci a koguna. Ashe mai sa rigar ba shi ne ya fi shiga haɗari ba, mai aski ne da mai wanki da kogi.

Akwai kuma abin da ake yi wa ulu bayan ya bar gona. Silin ulu yana da ɓawo-ɓawo kamar na kifi, shi ya sa yake cukurkuɗewa ya tsuke idan aka wanke shi a inji. Don hana haka, masana'antu da yawa suna ƙone ɓawon da sinadarin kulorin su lulluɓe silin da wani siririn roba. Tsarin GOTS, wanda shi ne ya fi shahara wajen tantance tufafin oganik, ya hana wannan aiki da kulorin, ya wajabta tace ruwan masana'anta, kuma ba ya barin a rubuta oganik sai kashi 95 cikin 100 na zaren ya cika sharaɗi, idan kuwa kashi 70 ne sai dai a ce an haɗa da oganik. Don haka idan kin ga kalmar ita kaɗai babu sunan mai tantancewa da lambar shaida, ki ɗauke ta a matsayin talla.

Rabi'atu Mai Saƙa:
Na ƙaru ƙwarai, Injiniya. Akwai wani abu kuma da na ji ana yi wa 'yan tumaki a Ostireliya, wai ana yanke musu fata a ƙarƙashin wutsiya. Shin gaskiya ne, kuma me ya kawo shi?

Dakta Aminu:
Gaskiya ne, kuma wanda bai taɓa ganin ciwon da ake gudu ba, shi ne zai yi saurin yanke hukunci. Wani koren ƙuda ne yake zuba ƙwai a cikin ulun da fitsari ko kashi ya jiƙa. Daga nesa sai ka ga tunkiya ta ware daga garke tana buga ƙafa tana juyowa tana cizon bayanta, idan ka kama ta ka buɗe ulun da ya yi baƙi ya jiƙe, wari ne zai fara tarbarka, sannan ka ga tsutsotsi suna motsi a cikin ɗanyen nama. Cikin 'yan kwanaki tana iya mutuwa. Wani makiyayi mai suna John Mules ne ya gano cewa idan aka yanke fatar gefen wutsiya, wurin yakan warke da tabo mai santsi wanda ba ya tsirar gashi, aikin kuma ya ci gaba da ɗaukar sunansa. Shekaru da yawa ana yin sa ba tare da maganin rage zafi ba.

Amma a duba asalin matsalar. A shekarun 1880 makiyayan Ostireliya sun yi ta shigo da ragunan Merino daga jihar Vermont ta Amurka masu fata ninki-ninki, bisa tunanin cewa yawan fata shi ne yawan ulu, kuma waɗannan ninki su ne suke riƙe danshin da ƙuda yake nema. Wato mutum ne ya ƙera tunkiyar da ba ta iya rayuwa sai da wuƙa ko feshi. Haka ma rashin zubar da gashi, domin tumakin daji suna zubar da nasu da kansu, amma Merino ba ta yi, har a 2015 aka tsinci wani rago da ya ɓace kusa da Canberra, babban birnin Ostireliya, aka aske masa ulu kilo 41, da ƙyar yake tafiya. Masu harkar ulu a Ostireliya sun yi alkawari a 2004 cewa za su daina yankan kafin ƙarshen 2010, ba su cika ba. Niyu Zilan ta haramta shi a 2018, jihar Victoria ta Ostireliya ta wajabta maganin rage zafi a 2020, tsarin tantance ulu na RWS da aka fito da shi a 2016 kuma ba ya karɓar ulun gonar da ake yin sa. Makiyayan da suka rabu da shi lafiya su ne waɗanda suka yi shekaru suna zaɓen raguna masu fata a miƙe da bayan da ba shi da yawan gashi. Wannan shi ne abin da nake ta son faɗa tun a maganar tsutsa, cewa ba a fara kiwon oganik daga kulle akwatin magani, ana fara shi ne daga irin ragon da aka saka a garke.

Bashir:
Ina ƙarami a cikinku, amma duk abin da na karanta a nan ya ƙara sa ni ganin cewa gara a bar ulu gaba ɗaya. Tunkiya tana tuƙa tana gyatsar iskar metan, wadda ta fi iskar kabon riƙe zafi kusan sau 28 a lissafin shekara 100, kuma ban ga yadda tambarin oganik zai hana ta gyatsa ba.

Malam Nura:
Ba zai hana ta ba, Bashir, ka yi gaskiya, kuma tunkiyar da take cin busasshiyar ciyawa mai tauri tana iya fitar da metan fiye da wadda ake ba abinci mai laushi idan aka auna da abin da kowacce ta samar. Duk wanda ya ce maka ulun oganik ba shi da hannu a ɗumamar yanayi ya ruɗe ka. Sai dai ka tambayi abin da zai maye gurbinsa. Ulu kusan kashi 1 cikin 100 ne kawai na zaren da duniya take samarwa, foliyesta kuwa ya haura rabi, daga man fetur ake yin sa, kuma duk wanki yana sakin ƙananan zarurrukan roba da ba sa ruɓewa, alhali ulu idan aka binne shi yakan ruɓe ya zama taki. Yawancin wuraren da ake kiwon tumakin ulu kuma duwatsu ne da busassun filayen da garma ba ta shiga. A Niyu Zilan masu bincike sun nuna cewa yawan metan da tunkiya take fitarwa ana gadonsa, har sun ware layin tumaki masu ƙarancin fitarwa, wanda ya sake mayar da mu ga maganar Dakta ta zaɓen iri. Ban ce wannan ya share lissafin ba, rigar ulun da aka sa shekara biyu aka jefar ta yi asara ta kowace fuska.

Alhaji Garba:
Ku bar ni in faɗi abin da makiyayi yake gani, domin shi ne zai ɗauki duk wannan kaya. Ulu mai laushi yana da masu nema, amma mai kauri ya faɗi har a Birtaniya abin da ake samu daga ulun tunkiya sau da yawa ba ya biyan ladan mai aski, shi ya sa wasu suke komawa ga tumakin da suke zubar da gashi da kansu, kamar yadda Dorper ta Afirka ta Kudu take yi. Takardar shaida kuma kuɗi ake biya duk shekara, ga rubuce-rubuce, ga shi dole a ware ulun daga na kowa tun daga wurin aski har masana'antar wanki, wadda ba ta son tsayar da injinta saboda ɗan kaya kaɗan. Ƙaramin makiyayin da bai taɓa sayen feshi ba a rayuwarsa shi ne ba zai iya samun tambarin ba, babban kamfani kuwa ya samu. Wannan har yanzu bai kwanta mini ba, kuma ban ji wanda ya amsa shi ba.

Amma maganar duba ido ta shige ni, Dakta, domin da na san ta a waccan shekarar da wataƙila ban yi asarar da na yi ba. Yaya ake yin sa daidai, kuma daga wane launi ake ba da magani?

Dakta Aminu:
A hasken rana ake yi, Alhaji, ba a cikin rumfa ba. Ka rufe idon da fatar sama, ka ɗan danna ƙwayar idon a hankali da babban yatsa, ka janyo fatar ƙasa, sai jan naman ciki ya bulluƙo, ka kara katin a gefensa ka karanta nan take, domin idan ka daɗe kana riƙe da shi wurin yakan ƙara ja ya yaudare ka. Lamba 1 da 2 a sake su, 4 da 5 a ba su magani a ranar, lamba 3 kuwa a ba ta idan 'yar tunkiya ce, ko mai ciki, ko mai shayarwa, ko wadda ta rame. A lokacin da tsutsa take ganiyarta a riƙa dubawa duk mako biyu, a kuma rubuta lambar kowace dabba. Ka auna nauyinta kafin ka ɗura, saboda maganin da bai kai ƙima ba shi ne yake koya wa tsutsa taurin kai. Katin yana kodewa idan ya sha rana, don haka a ajiye shi a rufe, kuma kada a yi aiki da wanda aka sake bugawa a inji, launinsa ba ya zuwa daidai. Sannan ka sani tsutsa mai shan jini kaɗai yake nunawa, ba ya ganin masu sa gudawa, kuma tsutsar hanta ita ma tana sa ido ya yi fari, don haka idan tumakinka suna kiwo a fadama, ka kai kashinsu a duba a ɗakin gwaji kafin ka zaɓi maganin da za ka saya.